Taɓarya ta Uku

Greensboro, 16 ga Oktoba, 2005

Zuwa ga Innata Hamsatou,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina ƙafa, ina kuma kunnen nan da ya hana ki karɓar tarho? Ina gaida ɗan'uwana Chaïbou da iyalinsa, da duk mutanen unguwar Birni. Ni lafiyata lau, sai gwiwar da ta raba ni da rawa, ita kam da sanyi ya leƙo take fara yi min tsiya.

Maazou, ɗan garinmu da ke nan, zai kawo miki wannan takarda, da man zafi, da kaset guda. Kaset ɗin ne maganar.

Inna, abin ya samu. Gregory, mai gidan bale na garin nan, rawar Turawan nan ta kan yatsun ƙafa, wani dogon Bature da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya ba ni dandalinsa gaba ɗaya a watan Afrilu. Kada ki ce na koma tsalle da wannan gwiwa. Ni ce mai tsarawa. Ni ke cewa wannan ta ɗaga ƙafa nan, wancan ya juya can, kamar tela da ke yanka wani ya sa.

Kin san inda na fito. Da safe ina ɗaukar kwali a sito a titin Wendover, da yamma ina koya wa 'ya'yan masu kuɗin unguwar Sedgefield tsayuwa kan yatsun ƙafa. Daga nan ƙaramin tiyatir, gidan wasan kwaikwayo, inda nake tsara musu rawar wasanninsu na waƙa, ba sa tuna daga inda na fito sai in suna son "wani abu na Afirka", su zo min da fatar damisa ta roba. Fatar damisa, Inna! Ni da ban taɓa ganin damisa ba sai a tele. Mutanenmu na nan kuma ba su bar ni ba. Ranar wani suna wata Hajiya ta ja hannun ɗiyarta daga kusa da ni, tana cewa ga 'yar rawa nan. Na ƙyale ta, don ɗiyar tata kowace Asabar tana ajina, ta fi kowa iya juyi.

To wannan karon babu damisa. Na sa wa rawar suna "Ranar Buki". Turmi na gaske na sa aka kawo daga gida, mata uku na daka a kan dandali, shi ne kiɗan gaba ɗaya. Abin da ke cikin kaset gwaji ne muke yi, amma komai ya fito. Ba zan gaya miki ko wace rana ce ba, so nake ki gane da kanki. Ki tara maƙwabta, ki kira Hajiya Suwaiba da sauran tsofaffi, su ga gidanmu ya hau dandalin Amurka.

Ɗiyarki,
Tchima

Damagaram, 4 ga Disamba, 2005

Tchima,

Muna lafiya. Man zafi ya iso. Ƙafa da sauƙi.

Kaset ɗinki ya ƙi yi a injinmu, sai da Chaïbou ya je ya aro na mai gidan bidiyo. Na yi yadda kika ce. Na dafa shinkafa, na shimfiɗa tabarmi, na aika aka kira mata har da waɗanda ba su fita sai da sanda. Na zauna a gaba ina ta baza haƙora, ina cewa ɗiyar Yaya Khadijatu ce ta yi.

Da aka fara dakan nan, Suwaiba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta fita, takalminta ma sai da aka bi ta da shi. Sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya. Shinkafar kuwa, almajiran maƙwabta ma ba su cinye ta ba.

Ke Tchima, ashe haka kika zama? Da kika ce rawa za ki yi, dangi suka taso min, ni na tsaya miki. Na ce ɗiyar yayata ce, ba mai hana ta cin abincinta. Ashe abin da za ki saka min da shi ke nan. Abin da muka rufe, abin da ko a zaure ba mu buɗe shi, kin kwashe kin kai gaban Turawa, ana tsalle ana washe baki. Har kina ce min in gane da kaina. To na gane. Kin kuma san abin da kika yi, kada ki sa in faɗa da bakina.

Magana ɗaya ce. Ki tsayar da wannan abu. In aka buɗe labule a kansa a watan da kika ce, to kada ki sake ɗaukar biro ki rubuta "Innata" a kan takarda.

Hamsatou

Greensboro, 9 ga Janairu, 2006

Innata,

Ina gaisuwa, ina miki barka da salla mai zuwa. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Na karanta takardarki a mota, a bakin shagon da Maazou ya miƙa min ita, na kasa tuƙi. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Duk wannan tashin hankali a kan tufafi? Inna, kayan gwaji ne! Haka masu bale ke sa matsattsun kaya, don mai tsarawa ta ga gwiwa da ƙugu, in ƙafa ta karkace ta gyara kafin yarinya ta karye. Ba iskanci ba ne, aiki ne. Ke da kika yi shekaru kina karɓar haihuwa a asibitin matanite, jikin mace ne zai kore ki daga tsakar gidanki?

Amma na ji. Na sa an ɗinka wa kowace zane har idon sawu. Na cire wurin da namiji ke ɗaga amarya sama, wurin da ya fi ko'ina kyau, na yi wata biyu ina gina shi. Gregory ya buga tebur, ya ce shi bale ya saya ba tallan atamfa ba. Scholastica, yarinyar Jos da ke fitowa a amarya, ta harɗe da zanen ta faɗi, saura kaɗan ta rasa haƙori. Duk na shanye saboda ke. Ga hoto nan, ki nuna wa Hajiya Suwaiba, ta dawo ta ci shinkafarta.

Tsayarwa kuwa, a'a. Kin san abin da kike nema? An buga sunana, an ɗauki ma'aikata. Baƙar mace mai gurguwar gwiwa in ta watsar da dandali sau ɗaya, ba mai sake ba ta wani. Sai in koma kwali.

Abin da ya fi ci min rai, ko kalma ɗaya ba ki ce a kan ranar ba. Ranar bikinki ce fa, Inna! Ina 'yar shekara biyar, amma ban manta ba. Gida cike da mutane, an sa min sabuwar riga. Kowace mace ta gan ni sai ta ɗauke ni, daga wannan baya zuwa wancan, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Aka cika min hannu biyu da gumba. Ban taɓa jin ana sona kamar ranar ba. A tsakar gida kuma ana daka, taɓarya biyu suna sauka daidai, ta ukun tana makara, wani lokaci ma ta yi shiru gaba ɗaya sannan ta dawo. Wannan ɗingishin ne ya bi ni Yamai gidan Kawu, ya bi ni makarantar rawa a Faransa, inda malamar ke dukan ƙasa da sanda tana cewa ban iya ƙirga ba. Yanzu shi ne masu jarida ke yabo, suna cewa salon Tchima. A cikin shirun nan nake sa amarya ta yi tsalle.

Kyauta na yi miki, kika mayar min da zagi.

Ɗiyarki duk da haka,
Tchima

Greensboro, 5 ga Maris, 2006

Innata,

Ina fatan kina lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Mutum biyu sun dawo daga Damagaram, na je har gidajensu kamar mai bara, ba takarda. Na kira Chaïbou, ya ce kina nan, kin ce ba ki da saƙo.

To shi ke nan. Na rufe ƙafafu, na rufe kafaɗu, me ya rage in rufe, idanun 'yan kallo? In dai so kike in durƙusa ne don tsofaffin unguwa su ji daɗi, ban iya ba, gwiwar ma ba ta lanƙwasuwa. An manna hotuna a gari. Za a buɗe labule ranar da aka sa.

Tchima

Damagaram, 11 ga Maris, 2006

Tchima,

Ina lafiya. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba, na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Wa ya yi miki maganar tufafi? Ni ina ruwana da cinyoyin Turawa? Su yi rawa tsirara in sun ga dama, ba ni zan amsa tambayarsu ba. Kin ɓata wata guda kina ɗinka zannuwa, kin kusa fasa bakin ɗiyar mutane, a kan abin da ban ce ba. Tun kina ƙarama haka kike, ba a gama magana kin riga kin ba da amsa.

Amma ni ma na yi miki mummunan zato. Na ɗauka kin sani kika yi. Sai da na karanta takardarki na ga ba ki sani ba, wannan kuwa ya fi min ciwo.

Ke wace irin Bahaushiya ce? A ina kika taɓa ganin dakan buki babu guɗa, babu tafi, babu mai cilla taɓarya sama ta cafe? Lugude ake yi a buki, har ƙarshen unguwa ana jin dariya. Bikina da damina aka yi shi, kina kwance da ƙyanda, ko ƙofa ba ki leƙa ba.

Ranar da kike faɗa, sadakar uku ce ta uwarki.

Haihuwa ta zo wa Yaya da gardama, ta tafi ita da abin da ke cikinta. Aka ɓoye ki gidan Suwaiba har aka kai ta, ranar sadaka aka dawo da ke. Rigar, Yaya ce ta ɗinka miki don sunan ƙanenki. Matan da ke ɗaukar ki, marainiya suke ɗauka. Gumbar da aka cika miki hannu, ta sadakar uwarki ce, ita muke dakawa. Kawunki ya ce kada a gaya miki sai kin yi wayo, ya tafi da ke Yamai washegari.

Masu dakan, Suwaiba ce da wata baiwar Allah da ta riga mu. Ta ukun ni ce. An ce in zauna, na ƙi, na ce ni zan daka wa yayata. Hannuna ne ke mutuwa, Tchima. Ba salo ba ne.

Shekara talatin da wani abu ban sake jin wannan dakan ba, sai a tsakar gidana, gaban baƙina, wata yarinya da lalle tana tsalle a kansa tana dariya. Yanzu kin sani. Maganata tana nan inda na ajiye ta.

Hamsatou

Greensboro, 30 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga Hajiya Hamsatou,

Ina gaisuwa. Ina fatan ƙafa da sauƙi.

Takardar ta same ni saura 'yan kwanaki a buɗe. Na shiga ɗakin gwaji, matan suka fara daka kamar kullum, na fita da gudu na yi amai a bayan gini.

Zan faɗi abin da ke raina, ko da rashin kunya ne. Kun cuce ni. Ke da Kawu da duk gidan. Ina aji biyu a Yamai Kawu ya kira ni ya ce uwata ta rasu, kamar jiya abin ya faru, na yi kukana ni kaɗai a bayan lekol, makarantarmu. Ashe na halarci sadakarta, na ci, na yi dariya. Na zo hutu sau nawa, na kwana a ɗakinki sau nawa? Ba wanda ya zaunar da ni. Kuka bar ni na girma ina ɗauke da ranar nan kamar kayan ado, ina nuna wa duniya. Sannan ki ce min wace irin Bahaushiya ce. Irin wadda kuka yi ce.

Na je wurin Gregory na ce a fasa. Ya ce ba zai yiwu ba, in na janye zai sa mataimakinsa ya gama, da amarya da komai, don rawar ta gidansa ce yanzu. Na zage shi da Hausa, bai ji ba amma ya gane. Na zauna na duba. In na tafi, za a yi ta tsalle a kan Inna Khadijatu ba ni a wurin. In na tsaya, na rasa ki. Na tsaya.

Na rushe rawar na sake ginawa. Babu amarya, babu lalle, na hana kowa murmushi. Na canza suna zuwa "Sadakar Uku", aka bi hotunan gari ana manna sabon suna a kai, Gregory yana ta cewa na kashe shi. Scholastica kaɗai na bar wa tsallenta da dariyarta, sai dai yanzu ba amarya ba ce, yarinya ce da sabuwar riga, ana miƙa ta daga baya zuwa baya, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Taɓarya ta uku kuma ban ba kowa ba. Gwiwa ta hana ni rawa, ba ta hana ni daka ba.

An buɗe labule. Da aka gama ba wanda ya tafa, sai can. Hajiyar nan mai ce min 'yar rawa ta zo, ban san wa ya jawo ta ba. Ta same ni a baya ta riƙe hannuna, ta ce Allah ya jiƙan mai rasuwa. Ita kaɗai ce a cikin ɗakin ta yi min gaisuwar uwata, kuma ita ce ta farko a rayuwata.

Kin ce in aka buɗe labule kada in sake rubuta abin da na saba. Na bi umarni, ga shi kin gani a sama. Kaset na wurin Maazou. In kin ga dama ki jefa a rijiya.

Tchima

Damagaram, 18 ga Yuni, 2006

Ke Tchima,

Muna lafiya, an fara samun ruwa.

Wace ce Hajiya Hamsatou? Na juya takardar gaba da baya ina neman mai ita. Ni ko Makka ban je ba, rashin kunyar taki har da ƙarya. Duk abin da na hana ki a duniya kin yi, sai wannan guda ne kika ga damar yin biyayya?

Maganar cuta, na ji. Haka aka yi mana mu ma, muka ɗauka shi ne tausayi.

Kaset ban jefa a rijiya ba, ruwan sha ne. Na sa Chaïbou ya sake aro injin, na kore shi, na kalla ni kaɗai. Daga baya na aika wa Suwaiba. Ta ce ba za ta zo ba, sai ga ta. Wannan karon ta zauna har ƙarshe, muka jiƙa mayafi ɗaya.

Kada ki ɗauka na yarda. Har gobe ban ga dalilin da zai sa a sayi tikiti a kalli makokin mutane ba. Kuma riƙon taɓaryarki abin kunya ne, kin kama ta can sama kamar mai tuƙa tuwo, duk wanda ya gani ya san ba ki taɓa ciyar da gida ba.

Amma akwai abin da nake so ki gaya min. Na ce miki hannuna ke mutuwa, ban gaya miki dalili ba, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina iya dakan, ina cije baki ina yi. Sai in an wuce da ke a bayan wata, kin ƙyalƙyale da dariya da gumba a baki, dariyar Yaya sak, nan ne taɓaryar ke tsaya min a sama. Na duba kaset ɗin, na mayar baya na sake dubawa. Duk inda kika yi shiru da taɓarya, daidai nan yarinyar ke tsalle tana dariya. Ko sau ɗaya ba ki kuskure ba. A na farkon ma haka yake, haushi ne ya hana ni gani. Wa ya gaya miki?

In Allah ya kai mu hutunki ki zo. Akwai gero, turmin nan ma yana nan. Zan nuna miki inda aka kwantar da ita, in kuma gyara miki riƙo.

Ki kuma gyara kan takardarki.

Innarki,
Hamsatou